Kano ko Legas? Ga yadda zaka auna jihohi biyu kafin ka ɗaure kaya

Idan aiki ya fito maka a wata jiha, ko an yi maka taransifa, ko kasuwa ce take janka, ko kuma ke aure ne zai kai ki wani gari, tambayar da ake fara yi ita ce wai ina yafi daɗin zama. Ka kai wannan tambayar majalisa ka sha amsa kala-kala. Wanda yaje Legas Allah ya buɗa masa zai ce maka zaman me kake yi a nan, wanda yaje ya sha baƙar wuya ya dawo da jaka ɗaya zai ce ko kyauta aka baka gida kar ka je, kuma duk su biyun ba ƙarya suke ba, kowa labarin aljihunsa yake baka. Kai naka lissafin zaka yi da biro da takarda, kuma ba wani abu ne mai wuya ba in ka san abubuwan da ake sawa a ciki.

Zan yi misali da Kano da Legas saboda su ne mutanenmu suka fi kai-kawo a tsakaninsu, kuma bambancinsu a fili yake ba sai an tona ba. Amma hanyar ɗaya ce ko Kaduna da Katsina kake aunawa, ko Bauchi da Ribas.

Abu na farko, ka daina cewa Kano da Legas haka a dunƙule. Babu wanda yake zaune a jiha gaba ɗayanta, a unguwa ake zama, a wani layi, a wani gida. Kano ƙananan hukumomi 44 gareta, Legas 20. Mutumin Nassarawa GRA da mutumin Rimin Kebe duk a Kano suke amma ka tambaye su labarin ruwa da titi kaji ko zasu baka amsa ɗaya, haka mai zama a Ikoyi da mai zama a Ajegunle. To ka rubuta sunan unguwar da kake ciki yanzu, a gefe kuma ka rubuta unguwar da kuɗinka zai iya kama maka ɗaki a can, ba wadda ka gani a bidiyon TikTok da dare fitilu na walƙiya ba. Galibin mutanenmu in sun je Legas Agege suke sauka, ko Mile 12 da Ketu, ko Idi-Araba, ko Obalende, ko wajen Alaba Rago. Wasu ma da suke cewa suna Legas in ka bi diddigi a jihar Ogun suke kwana, Mowe ko Ibafo ko Sango Ota, kullum sai sun tsallako da asuba. Kaga kenan awon naka zai koma Hotoro da Agege, ko Kurna da Ketu, daga nan ne magana take fara yin ma'ana.

Alƙaluman gwamnati suna da nasu amfanin amma kar ka ɗora musu kayan da ba zasu iya ɗauka ba. A 2022 hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, ta fitar da rahoton talauci wanda ba kuɗi kaɗai ya duba ba, ya haɗa da lafiya da karatu da ruwan sha da muhalli da aikin yi, tace mutum miliyan 133 ne a ciki, kashi 63 cikin 100 na 'yan ƙasa. Legas tana cikin waɗanda abin yafi sauƙi, ƙasa da kashi 30, Kano kuwa wajen mutum biyu cikin uku. Haka kuɗin shigar da jiha take tarawa da kanta, a 2023 Legas ta haura naira biliyan 800, Kano ko biliyan 50 bata kai ba. Wannan yana nuna maka gwamnatin da take da ƙarfin shimfiɗa layin dogo da yin gadoji, ba musu, amma baya gaya maka ko layin da zaka kama ɗaki yana da kwata, kuma adadin Kano ya haɗa har da ƙauyukan Doguwa da Tsanyawa alhali kai a cikin birni kake. Abin da yafi yi maka amfani a wurin NBS shi ne rahotannin da suke fitarwa na farashin abinci da fetur da gas ɗin girki da kuɗin mota, jiha-jiha. Ka duba na baya-bayan nan, ka riƙe shi a matsayin ma'aunin da zaka gane in wani yana zuzuta maka abu.

Yanzu sai kuɗi, kuma a nan ne mutane suke faɗawa rami. Albashi ba shi ake kwatantawa ba, ragowa ake kwatantawa, wato abin da ya rage a hannunka ranar 28 ga wata bayan ka ci ka sha ka biya kowa. Ka ja layi a tsakiyar takarda, dama Kano hagu Legas, ka jera haya, abinci, mota, wuta, ruwa, makarantar yara, magani, data, abin da kake turawa gida, da kuɗin zuwa ganin gida. Duk abin da ake biya shekara-shekara ka raba shi gida 12 ya koma na wata. A ce kana ɗaukar dubu 250 a Kano aka ce zo Legas ga dubu 400, kai a ranka ka samu ƙarin dubu 150. To a ce hayarka ta yanzu dubu 480 ce a shekara, dubu 40 kenan a wata, can kuma dillali yace maka irin wannan gidan miliyan ɗaya da dubu 200, dubu 100 kenan a wata, kaga haya kaɗai ta lashe dubu 60 daga cikin ƙarin baka hau mota ba baka sayi tumatir ba. Waɗannan lambobin misali ne kawai na bayar, kai zaka cike da na gaskiya da ka tambayo. Ko mafi ƙarancin albashi ka duba zaka ga abin da nake nufi. Bayan an sa hannu a dokar naira dubu 70 a watan Yulin 2024, Kano ta tsayar da dubu 71, Legas dubu 85. Tazarar dubu 14 ce, wadda ga mai fita aiki kullum a Legas ba lallai ta riƙe masa kuɗin motar wata ba.

Maganar haya tana buƙatar a ɗan zauna a kanta. A Kano ka saba, dillali ya nuna maka gida, ka biya shekara, ka bashi la'adarsa, wani lokacin ma mai gidan ya san babanka ko limamin unguwarku ya tsaya maka, in shekara ta zagayo baka haɗa ba a yi maka haƙurin wata ɗaya ko biyu. A Legas kuɗin da aka fara faɗa maka ba shi ne kuɗin ba. Akwai na ejan wato dillali, akwai na agirimen wato na lauyan da zai rubuta yarjejeniya, akwai wanda suke kira koshin da ake ajiyewa ko da zaka yi ɓarna, wasu gidajen akwai kuɗin gadi da shara da famfon ruwa daban, har zuwa ganin gidan ma wasu ejan sai ka biya. Don haka tambayar da zaka yi ita ce "nawa zan ajiye gaba ɗaya kafin a miƙo min makulli", kuma a rubuto maka ɗaya bayan ɗaya. Jihar tana da dokar haya ta 2011 da ta hana karɓar sama da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ka san da ita, amma ka sani dokar bata shafi Ikoyi da Victoria Island da Apapa da Ikeja GRA ba, kuma inda ta shafa ɗin ma masu neman ɗaki sun fi ɗakunan yawa, mai gida ne yake da bakin magana. Sannan kar ka turawa kowa ko sisi a kan gidan da ƙafarka bata taka ba, ko da hotonsa yayi kyau kamar me.

Kuma ka auna girman wurin ba kuɗin kaɗai ba. Ciki da falo mai tsakar gida inda yara zasu yi wasa uwargida ta shanya kaya ta hura gawayi, ba ɗaya yake da ɗaki a gidan haya mai dogon lungu da ƙofofi suna kallon juna ana layin banɗaki da safe ba. In iyalinka masu kulle ne ko masu son sirri wannan ba ƙaramin abu bane, ka tambaye ta tun kafin ka yanke.

Abinci kuwa Kano tana da gata, dole a faɗa. Dawanau tana nan, kasuwar hatsin da ake lodi daga cikinta zuwa ƙasashen maƙwabta, ga Yankaba ta kayan gwari, ga 'Yan Lemo, ga Singa ta kayan masarufi. Tumatir da albasa da tattasai da shanun da ake ci a Legas yawanci daga Arewa ake loda su a tirela su yi tafiyar kusan kilomita dubu kafin su sauka a Mile 12 ko mayankar Oko-Oba, kuma kuɗin dizal da na shingayen hanya da asarar abin da ya ruɓe duk a kan mai saye suke ƙarewa. Wanda yake Legas a ƙarshen Fabrairun 2021 lokacin da ƙungiyar masu safarar abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu zai baka labarin yadda farashin kayan miya ya haukace cikin 'yan kwanaki. Amma ba komai ne yafi araha a Kano ba. Kifi, manja, garin kwaki, ayabar suya, da kayan da suke shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Apapa sukan fi sauƙi a can, haka fetur tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 yawanci litarsa tafi sauƙi a Legas saboda daga can ake ɗauko shi. To ka rubuta abin da gidanka yake ci da gaske a wata, ba abin da ake cewa ana ci ba. Kuma ka kula da ma'auni, a Kano da kwano ake awo, a Legas da dirika da robar fenti, in ka tambayi farashi a waya aka ce maka kaza ne kar ka ɗauka abu ɗaya ake nufi, ka mayar da su duka kilo ko buhu sannan ka gwada.

Sai abin da ba a rubuta shi a takardar albashi, lokaci. Wannan ni a wurina shi ne babban harajin Legas. Ka je tashar bas a Agege ko Ikorodu da ƙarfe biyar na asuba kaga mutane cikin kayan ofis sun yi layi cikin duhu, wata da ɗanta a goye da jakar makaranta a hannu, wasu a mota suke ƙarasa barcinsu kai jingine da gilashi, duk don su riga gosulo hawa gadar Third Mainland. In zuwa awa biyu ne dawowa awa biyu, a kwanakin aiki 22 awa 88 kenan a wata kana zaune a mota, sama da sati biyu na aikin ofis wanda babu mai biyanka. Sallar asuba a jam'i, cin abincin dare da yara, karatun magariba, ziyarar 'yan'uwa, daga nan ake yankarsu. Gaskiya Legas tayi ƙoƙari a harkar sufuri fiye da kowace jiha, akwai manyan bas-bas masu layinsu daban da ake kira BRT tun 2008, jirgin ƙasa na Blue Line daga Marina zuwa Mile 2 ya fara ɗaukar fasinja a Satumban 2023, na Red Line daga Agbado zuwa Oyingbo ya fara a Oktoban 2024 kuma yana tsayawa a Agege, duk da katin Cowry ake biya. In gidanka da wurin aikinka suna kan waɗannan layukan lissafinka ya canza sosai, in basa kai kuwa danfo ce, wato ƙaramar bas ɗin haya, da kwandasta. Kano adaidaita sahu ce sarauniya, akwai cunkoso a wajen Kwari da Bata da Kurna amma da wuya ka shafe awa biyu daga gida zuwa aiki a cikin gari. Yadda zaka gwada abu ne mai sauƙi, ka buɗe Google Maps ranar Litinin da ƙarfe bakwai na safe da kuma ƙarfe shida na yamma ka sa daga unguwar zuwa wurin aikin, ka maimaita ranar Juma'a, kar ka gwada ranar Lahadi ka yaudari kanka.

Wuta. A nan ma ba jiha ake tambaya ba, layi ake tambaya. Kano tana ƙarƙashin KEDCO tare da Katsina da Jigawa, Legas kamfani biyu ne, Ikeja Electric da Eko. An raba masu amfani da wuta rukuni-rukuni, Band A an ce aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4, kuma a Afrilun 2024 kuɗin yunit na 'yan Band A ya ninka sama da sau uku ya kai naira 225 kafin daga baya a ɗan rage. To ka tambayi rukunin gidan, ka tambaya akwai mita mai kati ko bil ɗin ƙiyasi ake kawowa, mutum nawa ne a kan mitar, kuma akwai tsohon bashi a kanta ko babu. Abin da aka rubuta daban abin da ake samu daban, saboda haka ka je wurin mai shagon da yake da firiza a layin ko mai cajin waya, shi zai gaya maka gaskiyar awa nawa ake kawowa, don shi asararsa ce. Ka ɗaga kai ka ƙirga sola a kan rufin gidaje, da dare kuma ka saurari ƙarar janareta. Akwai kuma matsalar da ta shafi Arewa gaba ɗaya, yawancin tashoshin da suke samar da wuta da gas a Kudu suke, mu a ƙarshen waya muke, shi yasa a Oktoban 2024 da manyan layukan da suke kawo wuta suka samu matsala jihohin Arewa da yawa suka kwashe sama da mako guda a duhu.

Ruwa duka biyun babu mai yiwa wani gori. Kano ga matatar ruwa ta Tamburawa ga ta Challawa amma unguwanni da yawa da 'yan garuwa suka dogara, Legas ruwa ya kewaye ta amma yawancin gidaje burtsatse ne, a wasu wuraren kusa da teku ruwan ma yana fitowa da kala ko gishiri sai an tace ko a sayi na tanka. Ka tambayi kuɗin jarka, ka ƙirga jarka nawa gidanka yake sha a rana, ka ninka da 30.

Yanayi kuma jikinka ne zai faɗa maka. Zafin Kano na Maris zuwa Mayu yana haura digiri 40, ga hunturu da ƙura a Disamba da Janairu wanda mai asma ya san shi. Legas zafinta bai kai haka a ma'auni ba amma gumi ne dare da rana, ga damina mai tsawo, ga ambaliya. In kaje duba gida a can ka kalli ƙasan bangon waje da na katanga, in kaga wani layi mai duhu ya zagaye ginin daidai gwiwa, fenti ya kumbura daga nan zuwa ƙasa, ko kaga an ɗaga dokin ƙofa da bulo biyu, to ruwa yana shiga gidan, ko ejan ya rantse maka da me.

Asibiti kar ka tsaya a sunayen manya. Eh Kano akwai asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, da Murtala, da na Nassarawa, da na ƙashi a Dala, da na yara na Hasiya Bayero, Legas akwai asibitocin koyarwa na LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja, da na ƙashi a Igbobi, kuma ta fi yawan asibitocin kuɗi da ƙwararrun likitoci. Amma tambayar ita ce in naƙuda ta tashi ƙarfe biyun dare ko yaro ya fara suma, minti nawa ne zuwa asibitin da zai karɓe ku, da wace mota, kuma nawa za a ce ka ajiye. In akwai mai ciwon da yake buƙatar kulawa kullum a gidan, sikila ko ciwon suga ko ƙoda, to wannan layin shi kaɗai zai iya yanke hukuncin. Ka bincika ko inshorar lafiyarka tana aiki a can, ta Kano ta ma'aikatan jiha ba zata bi ka Legas ba, su nasu tsarin Ilera Eko ake ce masa.

Makarantar yara ka tambayi kuɗin zango da na mota da na littattafai gaba ɗaya, sannan Islamiyya, wadda a Kano kusan kowane lungu akwai, a can kuma sai ka nema, duk da unguwannin Hausawa irin Agege basa rasawa kuma Yarabawa Musulmi suna da makarantunsu masu kyau. Maganar hijabi a makarantun gwamnatin Legas Kotun Ƙoli ta raba gardama a Yunin 2022, an yarda ɗalibai su sa. Sai batun takardar asalin jiha, wanda mutane suke mantawa sai yaro ya girma. Tallafin karatu da aikin gwamnatin jiha da rangwamen kuɗin makaranta a jami'o'in jihohi da yawa na 'yan asalin jiha ne, ko shekara nawa kayi kana biyan haraji a wurin.

Tsaro kowa da irin nasa ciwon. Kano faɗan daba da ƙwacen waya, Legas 'yan tasha masu karɓar kuɗi da ƙarfi, da motocin da ake kira wan-cans da suke ɗaukar fasinja su yi masa fashi, da masu zuwa su ce filin kakanninsu ne in ka tashi gini. Kuma akwai abin da baƙo yake ji wanda ɗan gari baya ji, in rikici ya tashi kamar wanda aka yi a Mile 12 a Maris na 2016 har aka rufe kasuwar, ba a tambayar wa ya fara. Kar ka tambayi mutum "akwai tsaro?" don zai ce maka lafiya lau. Ka tambaye shi ƙarfe nawa ake rufe get ɗin layin, yaushe rabon da a shiga gidan wani, matarsa tana iya fita sayen magani bayan isha'i ita kaɗai? Sannan ka binciki dokar da ta shafi sana'arka tun kafin ka hau mota. Mai niyyar zuwa yin acaɓa ya sani tun Yunin 2022 an haramta shi a Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Apapa da Lagos Island da Lagos Mainland, daga baya aka ƙara wasu ƙananan hukumomin, kuma in an kama babur ana iya murƙushe shi. Kano ma ta hana acaɓa a cikin birni tun Janairun 2013. Direba ya san KAROTA masu kula da titi a Kano, to can LASTMA ce kuma tararsu ba wasa. Wanda zai taho Kano daga can shi kuma ya san akwai Hisbah da dokokin shari'a, abin da yake sayarwa a fili a can wani ba zai yiwu a nan ba.

Akwai layi ɗaya da ba a iya sa masa farashi daidai amma dole ya shiga takardar, mutane. A Kano in matarka ta haihu akwai mai zuwa zaman jego, in tafiya ta kama ka akwai inda zaka ajiye yara, in wata yayi nisa akwai mai shagon da zai rubuta maka a littafi. A can duk waɗannan ko dai ka saye su da kuɗi ko ka fara gina su daga farko. Ka ƙirga sau nawa zaka zo gida a shekara, sallah biyu, biki, da rasuwa wadda bata sallama, ka ninka da kuɗin motar mutum nawa ne ku. A jirgin sama tafiyar awa ɗaya da rabi ce ko ƙasa da haka amma ka san kuɗin tikiti, a mota kuwa yini ne da dare. In iyayenka sun manyanta wannan layin yafi na haya nauyi. A ɗaya gefen kuma kar a rage wa Legas haƙƙinta, ƙofofin samu sun fi yawa. Manyan ofisoshin bankuna da kamfanoni, tashar jiragen ruwa, kasuwannin Computer Village da Alaba da Balogun, matatar Dangote a Ibeju-Lekki, in aiki ɗaya ya ƙare akwai wani a kusa, kuma mai sana'ar hannu da ya iya aikinsa yana cajin abin da a Kano za a ce masa ya cika tsada. Don haka ka ƙara tambaya ɗaya a ƙasan takardar, bayan shekara biyar a kowanne gari me zan zama, me zan iya, wa zan sani.

Da ka gama cike layukan sai ka ba kowane layi maki, amma kar ka ba su daidai wa daida, don ba nauyinsu ɗaya ba. Ka zaɓi guda uku da in suka lalace rayuwarka ta lalace, ka ninka makinsu sau biyu ko uku, sauran ka bar su yadda suke. Ka ba uwargida takarda ita ma ta yi nata ba tare da ta ga naka ba, zaka sha mamakin yadda ruwa da tsakar gida da nisan asibiti zasu hau sama a nata alhali kai ka sa su a ƙasa. Ra'ayina dai, saurayi ko mai sana'ar da ake nema, wanda zai iya haɗa ɗaki da wani ya jure shekara biyu uku, Legas takan biya shi. Magidanci mai yara ƙanana da matsakaicin albashi kuwa, in ba ƙarin ya kusa ninka abin da yake samu ba ko kuma an haɗa masa da gida, sau da yawa ragowarsa a Kano tafi auki.

Kafin ka sa hannu a komai ka je da ƙafarka, gani ya kori ji. Ka samu kamar sati ɗaya ko biyu ka sauka a unguwar da zaka zauna ɗin ba a otal ba, in da hali a watan Yuni ko Yuli lokacin da ruwa yake zuba, mai tahowa Kano kuma ya zo a Afrilu ya ɗanɗana zafin. Ka tashi lokacin da zaka riƙa tashi, ka hau motar da zaka riƙa hawa, ka yi cefane da kanka, ka yi sallah a masallacin layin ka zauna a yi hira da kai. Ka fara tafiya kai kaɗai, iyali su biyo baya in ka ga kamun ludayin wurin, kar ka saki gidan da kake ciki ko ka sayar da fili sai ka yi wata uku zuwa shida, kuma kuɗin motar dawowa ka ware shi daban kar ka taɓa. Takardar nan ka sa mata kwanan wata don farashi baya zama wuri ɗaya, in an ɗaga tafiyar da wata uku ka sake kiran waya ka sabunta lambobin. In kamfani ne yake kiranka ka shiga da ita wurin maganar albashi, ka nuna musu layin haya da na mota, ka nemi ko su ƙara ko su biya maka hayar shekarar farko da kuɗin ɗaukar kaya, kuma duk abin da suka amsa a rubuta shi a cikin takardar ɗaukar aikin.